Ɓatan Fiffiken Jalbut

Sufeto Duwaij yana tsakiyar cin shinkafar machbus da kifi a ofishinsa na Rifa'a sai Sajan Lulwa ta leƙo, makullin mota a hannunta.

"Yallabai, an yi sata a filin tsere. Garejin ƙungiyar Jalbut."

"Me aka ɗauke?"

"Fiffike."

"Na kaza ko na jirgi?"

"Na mota. Wanda ake ɗaura mata a hanci don ya danne ta da ƙasa. Sun ce guda ɗaya tak aka ƙera irinsa a duniya."

Ya rufe kwanon, ya wanke hannu, suka fita.

Ranar ce ta ƙarshe a gwajin motoci kafin a buɗe gasar bana. Kowace ƙungiya mota ɗaya take fitarwa, direbobinta biyu su raba yini, ɗaya da safe, ɗaya da yamma. An gama hutun rana, motocin sauran ƙungiyoyi sun koma kan kwalta suna ta kururuwa. Ta Jalbut kuwa tana ɗage a gareji, hancinta tsirara, makanikai sun kewaye ta sun harɗe hannuwa.

Shugaban ƙungiyar, Ettore Baldassi, shi ya tare su. Dogon Ba'italiye ne mai furfura, ya zuge rigar ƙungiya mai dogon hannu har wuya duk da zafin da ake yi.

"Ba sai ka wahala ba, Sufeto," in ji shi. "Na san ɓarawon. Anwar Lahlu ne, tsohon direbana."

"Tukuna. Nuna min inda abin yake."

Ya kai su wani ƙaramin ɗaki a bayan gareji. Ƙofar ba ta buɗuwa sai da katin shiga. A ciki akwai teburi da madogari biyu na ƙarfe, babu komai a kansu.

"Da safe Tiago Varela, ƙaramin direbanmu, ya fita da fiffiken, ya fi kowa gudu a filin nan," in ji Baldassi. "Da aka tafi cin abinci muka kwance shi, muka ajiye a nan. Da muka dawo babu shi. Na'urar ƙofa ta nuna katin Anwar ne ya buɗe ta."

"Kyamara fa?"

"Ba ma sa kyamara a ɗakin sirri."

"Me zai sa direbanka ya sace kayan motarsa?"

"Hassada. Na hana shi fiffiken, na ba wa yaro. Da safe a gaban mutane ya ce in bai samu ba, babu wanda zai samu."

Sufeto ya durƙusa. An goge daɓen ɗakin da ruwa, bai ma gama bushewa ba. Amma a gindin bango, inda tsumma bai kai ba, akwai wata baƙar ƙura mai ƙyalli. Ya dangwala da yatsa, ya murza.

"Ƙurar taya ce," in ji Baldassi. "Ko'ina akwai ta a nan."

Da suka fito, Lulwa ta matso kusa da shi.

"Na tambayi masu gadin ƙofofi, Yallabai. Fiffiken ya fi ni tsawo. Babu wanda ya fita da abu mai wannan girman."

Anwar Lahlu yana ɗakin hutun direbobi, ya kwance rigar tsere ta zubo masa a ƙugu, daga shi sai singileti. Ɗan Maroko ne, ya kusa shekara arba'in, ya taɓa cin tsere shida a rayuwarsa. Bai tashi ba da suka shigo. Ya miƙo hannuwansa biyu a haɗe.

"In ankwa ka kawo, bismillah. Amma ta gaban 'yan jarida za ka bi da ni. Ba na fita ta ƙofar baya."

"Sauke hannunka, ba a zo nan ba tukuna. Ina kake lokacin cin abinci?"

"A nan. Ina barci."

"Wa ya gan ka?"

"Kai in kana barci shaidu kake tarawa?"

Lulwa ta danne dariya. Sufeto ya jawo kujera ya zauna.

"Ka ce in ba ka samu fiffiken ba babu mai samu?"

"Na ce. In ka tara su yanzu zan sake faɗa. Shekara tara ina jan motar nan tun tana tafiya kamar amalanke. Bara a tseren ƙarshe suka ce min ta rediyo in kauce yaro ya wuce. Na ce su zo su kauda ni da hannunsu. Tun ranar Ettore yake neman hanyar da zai kore ni."

"Ina katinka?"

"Tambayi wanda na jefa wa a ƙirji."

"Wa ke nan?"

"Ettore mana. Na ce ya riƙe, tunda ƙungiyar ta gadon ubansa ce."

"Ai katinka ne ya buɗe ɗakin."

"To katin ne ɓarawon. Kama shi."

Sufeto yana sauraro yana sosa ɗan yatsansa a jikin wando. Tun fitowarsa daga ɗakin nan yatsan yake masa ƙaiƙayi, har ya yi ja. Anwar ya kalli yatsan, ya gyara zama.

"Me ka taɓa?"

"Ƙurar taya."

"Ƙurar taya ba ta cizo. Wannan ta kabon ce, baƙin zaren da ake ƙera fiffike da shi. Ba ta tashi sai in an sa masa zarto. Ta shiga fatarka sai ka kwana kana susa." Fuskarsa ta canza. "Yanka shi aka yi ke nan."

Sufeto ya dubi damatsan Anwar, daga kafaɗa har wuyan hannu. Babu ja, babu ƙurji.

"Wani abu kuma," in ji Anwar. "Kowa yana ta murnar gudun da yaro ya yi da safe. Ni a bakin katanga na tsaya. Mota in tana ɗauke da mai, cikinta yana gogar ƙasa, ka ga tartsatsi na tashi a bayanta. Tasa ko ƙyalli ɗaya ba ta fitar ba. Ni dai na faɗa maka."

Suna fita aka ce mai ƙungiyar yana neman Sufeto a sama. Hajji Abdunnabi attajiri ne mai jiragen dakon kaya, ya tsufa amma muryarsa ba ta tsufa ba. Yana zaune a ɗakin baƙi mai kallon filin, an jera masa alewar halwa da gahawa, bai taɓa ko ɗaya ba.

"Kai ne Duwaij? Na san mahaifinka a Muharrak. Zauna, ɗana. Me kake jira ba ka tafi da mutumin nan ba?"

"Shaida nake jira, Hajji."

"Ga katinsa, ga maganar da ya yi da bakinsa. Shaidar me kuma?"

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Shugabansa ne, Kanal, daga hedikwata. Ya ɗauka a nan inda yake tsaye.

"Duwaij," in ji Kanal, "Hajji ya kira ni. 'Yan jaridar duniya suna wajen nan. Ka ɗauki direban ka kawo shi ofis, sauran bincike a yi shi a hankali."

"Ranka ya daɗe, in na bi da shi ta gaban kyamarorin nan, aikinsa ya ƙare ko da gobe mun wanke shi."

"Ba shawara nake ba ka ba."

"Na gane. In umarni ne, a aiko da wani ya sa masa ankwar. Ni ba zan sa ba sai na ga fiffiken."

Kanal ya ce, "Kafin magariba," ya kashe wayar.

Hajji Abdunnabi ya daɗe yana kallonsa.

"Taurin kan mahaifinka ka ɗauko."

"Haka ake cewa. Hajji, kai ma ka yarda direban ne?"

"Abin da ya ƙona min rai ke nan. Butulci. Ni da bakina na ce a ɗaura masa fiffiken da yamma. Na ce na ga gudun yaro, yanzu ina so in ji daga bakin Anwar, don shi ba ya yi min ƙarya ko da zan ji haushi. Sai ya saka min da wannan."

"Wa ka gaya wa haka?"

"Ettore. Ana tashi hutu na kira shi."

"Shi kaɗai?"

"Wa zan gaya wa kuma, mai shara?"

"In da Anwar ya hau ya ce fiffiken ba shi da kyau fa?"

Tsohon ya ture kofin gahawa gefe.

"Ettore ya sani. Shekara uku yana ce min shekara mai zuwa. Na gaya masa wannan ne na ƙarshe. In fiffiken nan bai kai mu gaba ba, zan rufe masana'antar ƙera motar in koma kan jiragena."

A matakala Lulwa ta tare shi da waya a hannu.

"Anwar ya yi mana ƙarya, Yallabai. Ba barci yake ba. Kyamarar wajen ajiye motoci ta ɗauke shi yana shiga wata baƙar mota tun farkon hutu, bai fito ba sai da aka kusa komawa. Motar shugaban wata ƙungiya ce."

"Neman aiki ya je."

"Shi ya sa ya gwammace a ce masa ɓarawo da a ce ya je roƙo."

"Ba ruwanmu da wannan. Ina yaron?"

Tiago Varela yana bayan gareji a kan tulin tayoyi, yana juya gorar ruwa a hannu. Ɗan Fotugal ne, shekararsa ashirin, wannan ce kakarsa ta biyu. Ya miƙe da sauri da ya ga kaki.

"Fiffiken yana da kyau?" in ji Sufeto.

"Ƙwarai. Ban taɓa hawan mota irinta ba."

"Mai nawa aka zuba maka?"

"Kamar kullum."

"Kamar kullum ɗin nawa ne?"

"Ni direba ne, ba ni nake zuba mai ba."

"Direba ba ya sanin nauyin motar da yake ja? To bari in tara masu zuba man, in tambaye su ɗaya bayan ɗaya a gabanka. Duk wanda maganarsa ta saɓa da taka, ku biyun za ku kwana a wajena."

Yaron ya kalli hagu, ya kalli dama, ya koma ya zauna.

"Na zagaye uku aka zuba," ya ce a hankali. "Da tanki wayam ko keken dawaki aka ba ni zan yi gudu."

"Fiffiken fa?"

"A miƙe lafiya lau. Amma a kwana mai sauri sai hancin ya saki, kamar an zare maka tabarma a ƙarƙashin ƙafa. Sau biyu na kusa shiga katanga. Na gaya wa Shugaba. Ya ce in rufe bakina, in yi wa kyamara murmushi, za a gyara a masana'anta."

"Kana wurin da Anwar ya jefa katinsa?"

"Ina wurin."

"Wa ya ɗauka?"

Tiago ya matse gorar har ta yi ƙara.

"Shi ya kawo ni nan tun ina yaro," ya ce. "Ba zan ambaci sunansa ba. Ka yi min duk abin da za ka yi."

"Ka riga ka ambata. Tafi ka sha ruwa."

Saura fiffiken kansa. Sun duba kwandunan shara, sun duba bayan kicin, sun sa an buɗe akwatunan kayan gyara. Rana ta fara yin sanyi. Suna dawowa ta bayan ofisoshin ƙungiya, Lulwa ta ja ta tsaya. Wani siririn keken tsere ne jingine da bango, rana na dukansa.

"Na wa ye wannan?" ta tambayi mai gadin wurin.

"Na Shugaba ne. Kullum da yamma yana zagaya filin da shi. Ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai."

"Ya saba barin sa a waje?"

"Ina fa. Akwatinsa gare shi, babba, mai taya. Ɗazu ma ya ce a saka akwatin cikin kayan da za a kai filin jirgi."

Lulwa ta dubi Sufeto.

"Keke yana nan, akwatinsa zai tafi Italiya. Me zai je yi shi kaɗai?"

Suka samu akwatin a bayan motar kaya, an riga an ɗaure shi da igiya. Sufeto ya sa aka sauke, aka gangara da shi har tsakiyar gareji. Ya aika a kira Hajji Abdunnabi da direbobin biyu. Makanikai suka ja baya suka yi da'ira.

Baldassi ya zo a ƙarshe. Ya ga akwatin, bai ko ƙifta ido ba.

"Buɗe mana," in ji Sufeto.

"Kayana ne. Kana da takardar izini?"

"Zan samo, ka san zan samo. Kafin nan, naɗe hannun rigarka."

"Ba zan naɗe ba."

"Tun da na zo kake goga damtsenka a jikin ƙofa. Ni yatsa ɗaya na sa a ƙurar nan, ka ga yadda ya koma. Makanikanka sun san a sa safar hannu kafin a yanka kabon. Kai ka daɗe ba ka riƙe zarto ba."

Baldassi ya kalli makanikan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya zuge rigar, ya cire ta gaba ɗaya, ya yar a ƙasa. Hannuwansa daga gwiwa zuwa yatsu sun yi jawur, duk sawun farce. Ya ciro makulli daga aljihu, ya buɗe akwatin da kansa.

Fiffiken yana ciki, an yanka shi gida huɗu, an naɗe da tawul. Ƙaramin zarton lantarki yana gefe. Katin Anwar yana saƙale a aljihun murfin.

Hajji Abdunnabi ya dafa sandarsa da hannu biyu.

"Ettore. Kai?"

"Ni ne. Kada ka dube ni haka, Hajji, ba ni da niyyar ba ka haƙuri."

"Me na yi maka?"

"Ka ce in fiffiken bai yi ba za ka rufe masana'anta. To bai yi ba. Mun yi kuskure a lissafi, kuskuren da wata biyu zai gyara. Amma kai ba ka san wata biyu ba, sai yau, sai yanzu. Mutum ɗari shida ke aiki a wajen nan. Na san matansu, na san makarantun 'ya'yansu. Da Anwar ya hau motar, zagaye ɗaya zai yi ya zo ya gaya maka gaskiya a gaban kowa, gobe ka sa kwado a ƙofa."

"Sai ka zo ka gaya min."

"Na taɓa gaya maka gaskiya sau ɗaya, ka kori injiniyoyi goma sha biyu ta waya, kana cikin jirgin ruwanka."



"Fiffiken da aka sace ba a iya cewa bai yi ba," in ji Sufeto. "Haka ne?"

"Haka ne. Sai a jira a ƙera wani. Kafin nan na gyara shi."

"Anwar fa? Shi ba ya cikin ɗari shidan?"

Baldassi ya juya ya fuskanci direban.

"Shi ya ƙi bin umarni a gaban duniya. Ƙungiya ba ta tafiya da shugaba biyu. Ko ba yau ba sai ya tafi. Na ce in haɗa aikin biyu wuri ɗaya."

Anwar ya tako har gabansa. Lulwa ta matsa, amma Sufeto ya ɗaga mata hannu.

"Da ka zo ka ce min fiffiken zai kashe yaron nan, da na rufa maka asiri," in ji Anwar. "Da na hau, na sauka, na ce wa Hajji a ba mu wata biyu. Ni zai saurara. Shekara tara, Ettore, ba ka san wannan ba?"

"Da ka yi, da na zama bawanka har in mutu. Na gwammace wannan."

Anwar ya gyaɗa kai, ya juya wajen makanikai.

"Ku ɗaura tsohon fiffiken. Ku cika tanki har baki. Akwai sauran rana."

"Anwar, ɗana," in ji Hajji Abdunnabi, "ka zo mu yi magana."

"In na sauka, Hajji. Kuma a tsaye za mu yi ta, ba za ta yi tsawo ba."

Sufeto ya ciro ankwa.

"Ettore Baldassi, na kama ka bisa laifin lalata dukiyar kamfani, da shigar da ƙarar ƙarya, da ƙulla wa wani sharri. Akwai ƙofa ta bayan kicin, in kana so."

"Shekara talatin ta gaba nake shiga garejina, ta gaba nake fita. Mu je."

Suka bi ta gaba. 'Yan jarida suka yi caa a kansu, suna cusa masa makirufo a fuska. Ya wuce ta cikinsu kai a ɗage, hannuwansa jajaye a cikin ankwa.

Lulwa ce ke tuƙi, Sufeto yana baya tare da shi. Hanyar fita tana bi ta gefen shingen filin. Suna kaiwa nan wata mota ta taso daga gareji da ƙara mai tsaga kunne.

"Tawa ce," in ji Baldassi. "Sufeto, sauke gilashin nan. Ka ce ta tsaya kaɗan."

Sufeto ya taɓa kafaɗar Lulwa. Ta gangara gefen hanya.

Motar Jalbut ta zo ta wuce, tartsatsi na tashi a bayanta. Baldassi ya rufe ido, ya karkata kai yana bin kukan injin har can ƙarshen fili, leɓɓansa na motsi. Da ta sake zagayowa ya buɗe ido.

"Da tsohon fiffike, da tanki cike," ya ce. "Ya kusa kamo gudun da yaron ya yi da safe. Ɗan banza, har yanzu babu kamarsa."

"Za ka so in gaya masa?"

"Ko da wasa."

Sufeto ya ɗaga gilashin. Lulwa ta hau kwalta, suka nufi Rifa'a.